Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Awon Taimakon Makarantun Ƙauye a Salaga, Yendi da Bawku

Babu Bahaushen da bai san sunan Gwanja ba, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar ba. Can fatake suke dosa daga Kano da Katsina da jakunansu, su kai kanwa da tufafi da jan fata, su komo da goro. Babbar kasuwar wannan fatauci ita ce Salaga, wadda take cikin ƙasar Gana ta yau. Ayari yakan yada zango a Yendi, garin Ya Na sarkin Dagomba, kafin ya ƙarasa Salaga. Bawku kuwa tana can kusurwar arewa maso gabas, dab da iyakar Burkina Faso da Togo, ita ce ƙofar 'yan kasuwa masu gangarowa daga ƙasar Mosi. Har wa yau kowane ɗaya cikin garuruwan nan uku yana da zangonsa, ana kuma jin Hausa a kasuwanninsu.

Amma in mutum ya bar kasuwa ya yi tafiyar awa ɗaya ko biyu a kan keke, sai ya iske ƙauyuka inda yaro ɗan shekara 10 bai taɓa riƙe fensir ba. Saboda irin waɗannan yara ne ƙungiyoyin agaji na Turai da Amurka, na ikkilisiya da waɗanda ba na ikkilisiya ba, suka yi fiye da shekara 30 suna zuba dukiya a arewacin Gana. Aikin ya daɗe, ya isa a auna shi. Mudun awon kuwa tambayoyi uku ne. Yaron ya shiga aji? Da ya shiga, ya iya karatu? Ranar da mai taimako ya naɗe tabarmarsa, me ya rage a ƙauyen?

Yadda arewa ta zama ta baya

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen wannan ƙasa ƙin ilimi suke yi. Salaga gari ne na malamai tun kafin Bature ya zo. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete-Krachi, inda ya yi ta koyarwa yana rubutu da Larabci da Hausar ajami har ya rasu a 1934. Ba wata ƙungiyar ƙetare da ta riƙe makarantarsa. Mutanen gari da almajiransa ne suka riƙe ta.

Ilimin boko ne ya makara, kuma da gangan aka makarar da shi. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki arewa a matsayin rumbun leburori, masu haƙar zinariya da aikin gonakin koko da ɗaukar bindiga a kudu. Ta kuma taƙaita shigar 'yan mishan. Limaman Katolika da ake kira White Fathers sun iso Navrongo daga Wagadugu a 1906, suka buɗe makaranta a 1907. Gwamnati ta buɗe tata ta farko a Tamale a 1909, ta Yendi a 1922, ta Salaga a 1923. Mishan na Basel ya kafa tasha a Yendi a 1913, amma yaƙin duniya na farko ya sa aka kwashe ma'aikatansa a 1916. Masu bishara na Assemblies of God sun iso Yendi a 1931. A Cape Coast an buɗe sakandare tun 1876, arewa kuwa ba ta sami tata ta farko ba sai 1951, a Tamale. Tazarar shekara 75 ke nan.

Gwamnatocin bayan 'yancin kai sun yi alkawura. Dokar ilimi ta 1961, zamanin Kwame Nkrumah, ta ce firamare kyauta ce kuma dole. Tsarin mulkin 1992 ya maimaita wannan. A 2005 aka soke kuɗaɗen da makarantu suke karɓa daga iyaye, gwamnati ta fara biyan kowace makaranta tsohon sidi 30,000 a kan kowane yaro a shekara, wato sidi 3 a kuɗin da aka sauya a 2007. Yara suka cika azuzuwa. Duk da haka ƙauyen da ke nesa da hanyar mota ya ci gaba da zama ba malami, ba benci, wani lokaci ba rufi. Wannan giɓi ne ƙungiyoyin agaji suka zo cikewa, ta hanyoyi uku manya: tukunyar abinci, ɗaukar nauyin yaro, da ajin la'asar.

Tukunyar abinci

A wannan ƙasa damina ɗaya ce a shekara. Daga bazara zuwa lokacin da sabon gero zai nuna a Bawku, ko sabuwar doya a Salaga da Yendi, rumbu yakan yi ƙasa, gidaje da yawa su koma cin abinci sau ɗaya a yini. Yaron da ya fito da ciki wayam ba ya jin abin da malami yake faɗa.

Ƙungiyar agaji ta Katolikan Amurka, Catholic Relief Services, wadda ta fara aiki a Gana a 1958, ta yi shekaru tana ciyar da 'yan firamare a arewa da hatsi da mai daga Amurka. Matan ƙauye suke dafawa, jama'a su kawo itace da ruwa. Yarinyar da ta halarci aji kusan kowace rana takan sami wani rabo ta kai gida, don uwarta ta rage jin zafin rashin hannunta a aikin gida da tsintar kaɗanya. Dabara ce mai kyau, ta kuma shigar da 'yan mata da yawa makaranta. Ba mai adalcin da zai raina wannan.

Inda aikin ya gaza shi ne a tambaya ta uku. Hatsin daga ƙetare yake zuwa, manomin Yendi bai sayar da buhu ɗaya a cikinsa ba. Da kuɗin Amurka ya tsaya a 2008, tukunyar ta tsaya. Gwamnatin Gana ta riga ta fara nata shirin ciyarwa a 2005 da makarantu 10, tare da gudummawar ƙasar Holan, da nufin a sayi abincin daga manoman wurin. Wani bincike da aka yi a kansa ya nuna karatun yara ya ɗan ƙaru, musamman na 'yan mata da 'ya'yan matalauta da 'yan arewa. Sai dai a shekarunsa na farko mafi yawan makarantun da suka amfana a kudu suke, har sai da aka sake rabon. Biyan masu dafuwa kuma yakan makara. A 2023 suka ajiye ludayi na makonni saboda bashin da suke bin gwamnati, ga shi abin da yake shiga hannunsu a kan kowane yaro a yini bai cika sidi ɗaya ba. Daga baya aka mai da shi sidi 1 da pesewa 20.

Akwai wata illa da ba a cika faɗa ba. In makaranta ɗaya tana dafa abinci, ta kusa da ita ba ta dafawa, yara sukan kwashe su koma mai tukunya. Ajin nan ya cika maƙil, wancan ya zama kango, a takarda kuwa sai a rubuta an sami ƙarin ɗalibai. Hukuncin da ya dace da tukunya shi ne: tana kawo yaro bakin ƙofa, tana riƙe shi a zaune, amma ba ta maye gurbin malami.

Yaron da ke cikin hoto

Hanya ta biyu ita ce wadda masu bayarwa a Turai suka fi so. A ɗauki hoton yaro, a aika wa wani iyali a Ingila ko Kanada, su riƙa biyan wani abu duk wata, yaron kuma ya riƙa aika musu wasiƙa ko zane. ActionAid da haka ta fara a 1972, da yara 88 a Indiya da Kenya, kuma a yankin Bawku ta buɗe aikinta na Gana a 1990. Wasu ƙungiyoyin Kirista, irin su World Vision da Compassion, su ma da wannan hanya suke tara kuɗi.

Sukar wannan hanya ba sabuwa ba ce. Tun 1982 mujallar New Internationalist ta Ingila ta keɓe fitowa guda tana roƙon masu karatunta su daina. Wanda ya san gidan Bakusashe ko Badagombe zai gane dalili. Gida ne babba, 'ya'yan wa da na ƙane da na kishiyoyi suna cin tuwo a ƙwarya ɗaya. In aka tsamo ɗaya aka ba shi riga da takalmi da wasiƙa daga ƙasar Turawa, an shuka abin da zai daɗe yana tsiro tsakanin ɗakuna. Ga kuma wahalar aikin: ma'aikaci ya hau babur ya bi ƙauyuka yana neman yara don hoto, a fassara wasiƙu, a aika, duk daga cikin kuɗin da aka bayar domin yaron. Ga kuma mutunci. Koyarwar Matiyu sura 6 game da sadaka a asirce tana kare mai bayarwa daga fahariya, tana kuma rufa wa mai karɓa asiri. Yaron da talaucinsa ya zama abin liƙawa a bangon wani gida a ƙetare, ba a rufa masa asiri ba.

Gaskiya kuma ta wajabta a faɗi ɗaya gefen. Wani bincike da masanin tattalin arziki Bruce Wydick da abokan aikinsa suka buga a 2013, a kan yaran da Compassion ta ɗauki nauyinsu a ƙasashe 6, ya nuna sun fi 'yan'uwansu daɗewa a makaranta da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Gana ba ta cikin ƙasashen, amma sakamakon abin lura ne. Ƙungiyoyi da yawa kuma, har da ActionAid da World Vision, sun gyara hanyar: kuɗin yakan shiga asusu ɗaya a yi wa dukan jama'a rijiya ko aji. Wannan ya rage kishi a gida. Sai dai ya bar wata tambaya a wuyan ƙungiyoyin. In kuɗin na ƙauye ne duka, don me har yanzu fuskar yaro ɗaya ake nunawa? Amsar ita ce hoto ya fi lissafi buɗe aljihu. Mai bayarwa yana ganin yaro, amma ba ya ganin ofishin ilimi na gunduma da ya kasa tura malami, alhali can ciwon yake.

Gini ma haka. Daga 2012 zuwa 2016 an gwada shirin ƙauyukan Millennium a ƙasar Mamprusi da Builsa da kuɗin Ingila, aka gina azuzuwa da asibitoci aka gyara hanyoyi. Rahoton masu awo na 2018 ya nuna zuwa makaranta ya ƙaru, amma iya karatu bai ƙaru ba. Bulo da kwano suna da daɗin nunawa ga baƙo, allon sunan mai bayarwa kuma yana da daɗin ɗauka a hoto. Karatu kuwa ba a ganinsa daga bakin hanya.

Ajin la'asar

Hanya ta uku ita ce mafi ƙanƙanta a ido, ita ce kuma ta fi cin awon nan. Ta fito ne daga cikin toka. A farkon 1994 gardama a kan cinikin zabuwa a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbilla, ta tayar da tsohuwar gaba game da ƙasa da sarauta tsakanin Konkomba a gefe guda, da Nanumba da Dagomba da Gwanja a ɗaya gefen. Wutar ta ci ƙasar Yendi da ta Salaga. Aƙalla mutum 2,000 suka mutu, ƙauyuka fiye da 400 suka ƙone, malamai suka gudu. Sai a 1996 aka sa hannu kan sulhu a Kumasi.

A 1995 wata ƙungiyar 'yan ƙasa, Ghana Developing Communities Association, da abokanta na ƙasar Denmak suka fara shirin School for Life, wato makarantar rayuwa, a gundumomin Yendi da Gushegu-Karaga, da kuɗin hukumar agaji ta Denmak. Daga baya ya bazu zuwa wasu gundumomi, har da ƙasar Gwanja. Tsarinsa mai sauƙi ne. Yara 25 a aji, 'yan shekara 8 zuwa 14 waɗanda makaranta ta wuce su, rabinsu mata. Karatun wata 9 ne, daga Oktoba zuwa Yuni, don kada ya ci karo da tsakiyar aikin gona. Ana zama da la'asar na wajen awa 3, bayan yaro ya gama kiwo, yarinya ta gama ɗiban ruwa. Ba rigar makaranta, ba kuɗin shiga. Jama'a suke zaɓen mai koyarwa daga cikinsu, a horar da shi na 'yan makonni, a riƙa ba shi ɗan abin da ake kira kuɗin sabulu, ƙauye kuma ya taimake shi da hatsi ko aikin gona. Kwamitin mutum 5 yake kula da ajin, 3 daga cikinsu mata ne. Babban abu shi ne harshe: da Dagbani ake koyar da Badagombe, da Likpakpaln ake koyar da ɗan Konkomba, da harshen Gwanja ake koyar da ɗan Gwanja.

A yankin Bawku ma, ActionAid ta buɗe makarantun makiyaya a 1996 bisa tunani makamancin wannan: a daidaita lokacin karatu da lokacin kiwo, a ɗauki mai koyarwa daga cikin jama'a.

Wani awo da aka buga a 2007 ya nuna yara sama da 85,000 sun bi ta School for Life a shekara 10 na farko, fiye da kashi 90 cikin 100 sun kammala, kusan biyu cikin uku kuma sun shiga firamaren gwamnati, da yawansu ba daga aji ɗaya suka fara ba. Don a gane nauyin wannan, sai a ajiye shi kusa da gwajin karatu na ƙasa baki ɗaya da aka yi a 2013 aka maimaita a 2015. A ƙarshen aji 2 na firamaren gwamnati, yaran da suke karatu a sake su kuma fahimci abin da suka karanta ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba, kusan rabi kuwa ko kalma ɗaya ba sa iya karantawa. Saurayin ƙauye mai kuɗin sabulu ya yi cikin wata 9 abin da makarantu masu gini suke kasa yi cikin shekara 2.

Dalilin ba asiri ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An tambayi iyaye lokacin da za su iya sakin 'ya'yansu. Mai koyarwa a ƙauyen yake kwana, ba ya makara saboda kogi ya cika, ba ya neman canjin wurin aiki. Yaro kuma yana koyon haɗa baƙi da wasali a cikin harshen da yake mafarki da shi. Masu bi sun san wannan tun da daɗewa, gama da haka aka koya wa kakanninsu karatu a ajin baftisma. Gwamnatin Gana ta karɓi tsarin, kuma daga 2013 zuwa 2018 Ingila da Amurka suka biya aka faɗaɗa shi cikin harsuna 12, har da Kusaal na ƙasar Bawku, ya kai ga yara wajen 240,000.

Inda gadar ta tsaya

Yabo bai hana a faɗi aibi ba. Ajin la'asar gada ce, amfanin gada kuwa yana ga abin da ke ɗaya gaɓar.

Aibi na farko, tazarar da ke tsakanin ƙare ajin a Yuni da buɗe firamare a Satumba. Masu bincike na jami'ar Kambirij da abokan aikinsu sun bi sawun yaran shirin, suka iske cikin wata 3 ɗin nan yara sun yi asarar kusan kashi 66 cikin 100 na abin da suka ƙaru da shi a lissafi. Waɗanda ba su da littafi a gida, ko wanda zai taimake su, sun fi yin asara.

Na biyu, harshe. Gwamnati ta koma Turanci zalla a 2002, ta sake komawa harshen gida a ƙananan azuzuwa bayan 'yan shekaru, amma cikin harsuna 11 kawai aka shirya littattafan wancan lokaci. Dagbani da harshen Gwanja suna ciki. Kusaal da Likpakpaln ba sa ciki, Hausa ma ba ta ciki. Ɗan Konkomba da ya koyi karatu da harshensa yakan shiga aji inda malami ɗan kudu ne, ba ya jin harshen yaro, yaro ba ya jin nasa. Binciken da aka ambata ya nuna yaran da harshe ya sauya musu a firamare sun fi shan wahala. A Oktoba 2025 ministan ilimi Haruna Iddrisu ya ba da umarni a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen gida. Umarni ne mai kyau, amma ba ya buga littafi, ba ya kuma haifar da malami mai jin Kusaal.

Na uku, ladan ma'aikaci. Arhar shirin da ake yabo, a bayan mai koyarwa take. Kuɗin sabulu ba ya aurar da saurayi, ba ya ciyar da iyali. Abin da mutum ya yi wata 9 don ƙaunar garinsa, ba daidai ba ne ƙasa ta mai da shi madogararta shekara da shekaru.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Duk inda ƙungiyar agaji ta yi aiki da kyau, hukuma takan sami inuwar hutawa. Ilimin firamare hakkin yaro ne bisa tsarin mulki, ba alheri ba ne. Amma a 2021 lissafin hukuma ya nuna makarantu sama da 5,000 a Gana suna ƙarƙashin itatuwa ko rumfuna ko gine-gine masu shirin faɗuwa. Yarinyar da ta haye gadar ta iske aji ba malami, bayan shekara ɗaya ko biyu takan hau mota zuwa Kumasi ko Akra ta shiga dakon kaya a kasuwa. Sunan da ake kiran irin waɗannan 'yan mata a can, kayayei, daga kalmar Hausa ta kaya ya samo rabinsa.

Ranar da mai zane ya karɓi abinsa

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Abincin Amurka ya tsaya a 2008. Kuɗin Ingila da Amurka na ajin la'asar ya ƙare a 2018. Denmak ta kammala janye taimakon raya ƙasa na gwamnatinta daga Gana a 2020. A shekarar ce majalisar Gana ta yi dokar kafa hukumar da za ta riƙe irin wannan karatu, amma kafa hukuma dabam, sakin kuɗi dabam. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar agajinta ta USAID, gwamnatin Gana kuma ta ce hakan ya bar mata giɓin dala miliyan 156, wajen rabinsa a sashen lafiya. Ba ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da aka yanke a Yendi ko Salaga. An yanke su a majalisun ƙasashe masu nisa, bisa dalilan siyasarsu.

Rikici ma yakan kori mai taimako. Kisan Ya Na Yakubu Andani na II a Yendi a watan Maris 2002 ya jefa ƙasar Dagomba cikin dokar ta-ɓaci, ba a naɗa sabon Ya Na ba sai Janairu 2019. A Bawku, gardamar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ta sake ɓarkewa a ƙarshen 2021, aka sa dokar hana fita, malamai da ma'aikatan asibiti da yawa suka bar garin. A irin wannan lokaci motar ƙungiya ba ta shiga. Wanda yake ragewa shi ne wanda gidansa yake nan.

Rabon ikkilisiya

Ikkilisiya ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Presbiteriyan suna riƙe da asibitin Bawku tun 1956, Katolika sun kafa dayosis na Yendi a 1999, ƙananan majami'u kuma suna warwatse a ƙauyukan Konkomba da Kusasi. Ta wurin aikin masu fassara, an buga Sabon Alkawari da Kusaal a 1976, da harshen Konkomba a 1977. Ma'anar wannan ita ce a ƙauyuka da yawa mutumin da ya fi kowa iya karanta harshen wurin shi ne katikis ko mai wa'azi, ginin da ya fi kowane rufi kuma majami'a ce, wadda take kulle yawancin kwanakin mako.

A nan suka ta dawo gida. Ikkilisiyoyi sun daɗe suna neman gwamnati ta mayar musu da ikon makarantun mishan, suna kuma da hujja. Amma ƙarfinsu ya fi karkata ga manyan makarantun gari, da sababbin makarantu masu kuɗi waɗanda ɗan manomi ba ya shiga. Wasu kuma sun saba da jiran baƙo, har rufin aji in iska ta yaye sai a rubuta wasiƙa ƙetare. Makarantar allo ta zango abin koyi ce a nan. Ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta da mai ɗaukar nauyi a Turai, domin jama'arta sun ɗauke ta tasu ce.

Abin da awon nan ya nuna bai fi ƙarfin ƙaramar ikkilisiya ba. Majami'a ta buɗe ƙofarta da la'asar, musamman daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da karatun yara yake zubewa. A ware wani kaso na baikon kaka, dawa ko doya, domin mai koyarwa, kada a bar shi da sabulu kaɗai. Zumuntar mata ta riƙe sunayen 'yan matan da suka daina zuwa aji, ta bi su gida tun ba su hau mota ba. Dattawa su haɗa kai da limamin masallaci da mai unguwa su tafi ofishin ilimi na gunduma da takarda a hannu, mai ɗauke da yawan yara da yawan malamai, su koma, su sake komawa. In ƙungiyar agaji ta zo, a karɓe ta da murna, a kuma tambaye ta tun ranar farko: shekara nawa za ta yi, da wane harshe za a koyar, wa zai biya malami bayan ta tafi?

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi. Ajin ya zama na kowa. Ayyukan Manzanni sura 6 ta ba da labarin gunaguni a ikkilisiyar farko, domin ana tsallake gwaurayen masu wani harshe wajen rabon abinci, aka gyara ta wurin danƙa aikin ga amintattun mutane 7 da jama'a suka zaɓa. A ƙasar da ta ga 1994, wadda Bawku take cikinta, ajin da ya ware ɗan Konkomba daga ɗan Dagomba, ko ɗan Kusasi daga ɗan Mamprusi, ko ya tsallake ɗan Fulanin da ke rugar bayan gari, ko ya sa baftisma ta zama kuɗin shiga ga ɗan Musulmi, ya ƙara wa wuta itace. Iyaye Musulmi da masu bin al'adar gargajiya sun daɗe suna tsoron makarantar mishan tarko ce. Maganin wannan tsoro shi ne su ga 'ya'yansu sun komo gida da karatu, ba a kuma nemi kome a hannunsu ba.

Ƙungiyoyin agaji sun cancanci godiya. Dubban manya a arewacin Gana yau, har da malamai da ma'aikatan jinya, ta ƙofar da suka buɗe suka shiga. Amma cikin hanyoyin nan uku, wadda ta fi barin abu a ƙasa ita ce wadda ta fi dogara ga mutanen ƙauye, ta fi kuma ƙarancin kayan ƙetare. Wanda yake so ya san ko taimako ya yi amfani a wani ƙauye na Salaga ko Yendi ko Bawku, kada ya tsaya ga allon da aka kafa a bakin hanya. Ya jira shekara 3 bayan motar ƙungiya ta daina zuwa, ya kira yarinya 'yar shekara 12, ya miƙa mata takarda da harshen uwarta, ya saurara.